Darasin Wannan Juma'a: Wanke Hanci da Ruwan Gishiri ga Masu Atishawar da Ba Ta Ƙarewa

 

Duk wanda yake halartar sallar asuba a masallacin nan ya san abin da za mu yi magana a kai yau. Kafin liman ya kai ƙarshen Fatiha an yi atishawa a sahun gaba, wani ya karɓa a sahu na uku, wannan yana jan majina, wancan yana murza ido. Idan ka tambayi mutum bayan sallama sai ya ce maka mura ce, sanyin Ikko ne. To amma murar da ta yi wata uku tana nan, babu zazzaɓi, babu ciwon gaɓoɓi, majinar fara tas kamar ruwa, hanci da ido da maƙogwaro suna ƙaiƙayi, ai wannan ta wuce mura. Murar gaskiya ƙwayar cuta ce, takan yi kwana bakwai zuwa goma ta tafi. Wannan kuwa likitoci suna kiranta alaji na hanci, wato jikin mutum ne bai jitu da wani abu da yake shaƙa ba. Irin abin da muke kira borin jini idan ya fito a fata, shi ne nan ya sauka a hanci.

Mun zauna da wani ɗan uwanmu ma'aikacin jinya da yake salla tare da mu, muka kuma karanta abin da ya sawwaƙa, muka ga ya dace mu kawo muku bayanin a nan. Mu ba likitoci ba ne, kuma wannan takarda ba za ta maye gurbin zuwa asibiti ba.

Babban mutum yana shaƙar iska wajen lita 10,000 a kowace rana, kuma hanci ne matatar farko. A cikinsa akwai laima da majina da suke kama ƙura, akwai kuma wasu 'yan ƙananan gashi da ido ba ya gani, suna kaɗawa dare da rana suna tura majinar baya zuwa maƙogwaro mu haɗiye ba mu sani ba. Ga mafi yawan mutane aikin yana tafiya shiru. Ga mai alaji kuwa, da zarar wani abu ya sauka a fatar cikin hancinsa, sai sojojin jikinsa su ɗauka abokin gaba ne ya shigo, su saki wani sinadari da ake kira histamin. Shi ne yake kumbura cikin hanci, ya buɗe famfon majina, ya kawo ƙaiƙayi da atishawa goma a jere. Abin yakan bi jini, shi ya sa za ka ga uba yana fama, ɗansa yana fama, ƙanwarsa kuma tana da asma.

Abin da yake tayar da shi a nan Oshodi ba sai mun je nesa ba. A gida mun saba ɗora laifi a kan hunturu, kuma gaskiya ne ƙurar da take tasowa daga hamadar arewacin Chadi tana isowa har Legas tsakanin Disamba da Fabrairu. Amma a Ikko babban abokin faɗanmu danshi ne. Ɗakin da mutum shida suke kwana, taga ɗaya, bango ya yi baƙi da fumfuna tun ruwan watan Yuni, katifa ta shekara ba ta ga rana ba. A irin wannan katifa da matashin kai akwai wasu ƙwari ƙanana ƙwarai da suke rayuwa a kan ɓurɓushin fatar mutum, suna son zafi da laima, kuma kashinsu yana cikin manyan abubuwan da suke tayar da alaji a duniya. Ga kyankyaso, shi ma haka. Sannan ka fito waje, hayaƙin danfo da manyan motocin hanyar Apapa zuwa Oshodi, hayaƙin janareton maƙwabci, maganin sauro na kunnawa da muke kwana da shi a rufaffen ɗaki. Hayaƙi shi kansa ba lalle ne ya zama tushen alajin ba, amma yana ƙara fusata hancin da dama a kumbure yake. Mai yankan atamfa da shadda yana shaƙar ƙurar yadi wuni guda. Mai kwance dilar gwanjo ya san abin da yake tashi idan aka yanke igiya. Masu zazzage buhunan hatsi da barkono a Mile 12, da 'yan uwanmu na kara a Oko-Oba, Agege, kowa da irin tasa ƙurar. Iyayenmu mata su yi mana afuwa, turaren wuta ma yana ciki.

Abin da yake damun mu shi ne yadda muke maganin abin. Mutum ya tsaya a kemis ya ce a haɗa masa na mura, a ba shi kafso ja da baƙi da wasu ƙwayoyi a leda. Maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin ba ya yi wa alaji komai, domin babu ƙwayar cutar da zai kashe. Asarar kuɗi ce, kuma ranar da za a buƙace shi da gaske yana iya ƙin aiki. Piriton yana rage atishawa, amma yana sa barci, kuma a cikinmu akwai direbobin da suke ɗaukar hanyar Ibadan, Ilorin, Mokwa har Kano cikin dare. Direba ya tambayi irin wanda barcinsa bai kai haka ba, kamar loratadin. Mafi muni shi ne maganin ɗigawa ko fesawa da yake buɗe hanci cikin minti biyu. Yana aiki kamar sihiri, amma an rubuta a jikin kwalinsa kada a wuce 'yan kwanaki, yawanci bai fi sati ɗaya ba. Wanda ya zarce, hancinsa zai riƙa toshewa fiye da da duk lokacin da maganin ya sake shi, har ya zama ba ya iya barci sai kwalbar tana ƙarƙashin matashi. Mun san masu shekara biyu a cikin wannan hali.

To ga abu mai araha da likitocin hanci suke ba da shawara a kansa, kuma mu Musulmi ba baƙonmu ba ne. Yaron da ya fara Ahalari ko Ishmawi a makarantar allo ya san shaƙa ruwa da fyacewa suna cikin sunnonin alwala. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Laƙiɗu bin Sabira ya nuna an so a kai matuƙa wajen shaƙa ruwan, sai dai ga mai azumi, kuma a Buhari da Muslim akwai umarnin fyace hanci sau uku ga wanda ya tashi daga barci. Wanke hanci da ruwan gishiri ya yi kama da wannan a zahiri, sai dai a rarrabe: alwala ibada ce, tana nan yadda aka koya mana, da ruwa mai tsarki. Wannan kuwa magani ne, ana yin sa daban, da ruwa mai yawa, da gishiri a gwargwado, kuma ruwan yana ratsawa ya shiga ta ƙofa ɗaya ya fita ta ɗayar.

Amfaninsa a fili yake. Yana wanke ƙurar da abin da ya tayar da alajin kafin su daɗe a manne, yana tsinka majina mai kauri, yana taimaka wa 'yan gashin nan su ci gaba da sharar da suke yi. Dalilin sa gishiri kuwa, ruwan jikin ɗan Adam yana da gishiri kimanin giram 9 a kowace lita, shi ya sa hawaye da gumi suke da ɗanɗanon gishiri. Ruwan da babu gishiri idan ya yi nisa cikin hanci yana yin zafi har cikin kai, duk wanda ya taɓa shaƙa da ƙarfi a alwala ya san wannan raɗaɗin. Idan aka daidaita gishirin da na jiki, ruwan yakan wuce lami lafiya.

Kada mu yi masa ƙari. A shekarar 2018 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara binciken likitoci ta auna ingancinsa, ta duba bincike 14 da aka yi a kan mutum 747, manya da yara masu alajin hanci. Abin da ta samu shi ne waɗanda suke wanke hanci sun fi jin sauƙi a kan waɗanda ba sa yi, kuma ba a ba da rahoton wata illa ba. Amma ta faɗa a fili cewa binciken ƙanana ne, hujjar ba ta da ƙarfi sosai. Wato abu ne mai rage wahala, ba ya cire alajin daga jiki. Wani zai wadatu da shi, wani sai ya haɗa da maganin feshi na likita. Duk wanda ya zo muku da kwalba a bakin tasha yana cewa ruwansa yana warkar da wannan ciwo har abada, ku riƙe kuɗinku.

Yanzu ga wurin da muke roƙon a karanta da natsuwa, a kuma karanta wa wanda ba ya karatun boko. Ruwan da za a tura cikin hanci sai an tafasa shi. Ba ruwan famfo kai tsaye ba, ba na rijiya ko burtsatse ba, ba na jarkar mai ruwa ba, ba na tankin da yake saman rufi rana tana dukansa ba. Har ruwan leda da muke sha, a tafasa shi. Ciki yana da sinadarin da yake kashe abubuwa da yawa da muke haɗiya, hanci ba shi da wannan kariya. A can saman hanci akwai wani siririn ƙashi mai ƙananan huji inda jijiyoyin jin ƙamshi suke ratsawa zuwa ƙwaƙwalwa. Akwai wata ƙwayar halitta da take rayuwa a ruwa mai ɗumi wanda ba a sa masa sinadarin kulorin ba, masana suna kiranta Naegleria fowleri. Idan an sha ta ba ta yin komai. Idan ta shiga ta hanci tana iya bin waɗannan jijiyoyi ta kai ƙwaƙwalwa, ta kawo ciwo mai kama da sanƙarau, kuma cikin waɗanda suka kamu da ƙyar ake samun mai tsira.

Cutar ba ta da yawa, kada hankalin kowa ya tashi, amma ta faru. A 2011 mutum biyu sun rasu a jihar Luwiziyana ta Amurka bayan sun wanke hanci da ruwan famfon gidajensu, aka kuma gano ƙwayar a cikin bututun ruwan gidajen. A Karaci ta Pakistan, birnin Musulmi mai zafi da cunkoso kamar namu, an yi ta samun mace-mace shekara bayan shekara, likitocinsu suka danganta da yawa daga ciki da ruwan gari da na tankuna da ba su da isasshen kulorin, wanda mutane suke shaƙa wajen alwala da wanka. A gida ma likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun rubuta rahoton wannan cuta tun wajen 1979 da 1980. Ba muna cewa a bar sunna ba ne, Allah ya kiyaye. Muna cewa ruwan da za a kai can ƙuryar hanci ya zama mai tsabta, kuma tankin masallaci da na gida a riƙa wanke su a rufe su. Wannan nauyi ne a kanmu mu 'yan kwamiti kafin kowa.

Yadda ake haɗawa ba wuya. A samu rabin lita na ruwa, wato cikin ledar fiya wata guda. A zuba a tukunya mai tsabta, ya tafasa sosai yana ɓulɓula minti uku zuwa biyar, a sauke a rufe ya huce har ya zama ɗumi-ɗumi, yadda idan ka ɗiga a bayan hannu ba za ka ji zafi ba. Gishirin da rabin lita yake buƙata giram huɗu da rabi ne. Da yake cokulan shayinmu kowane da girmansa, a nemi ɗan cokalin roba da yake zuwa da maganin yara na ruwa, a ɗebi gishiri mai laushi a shafe bakinsa, sannan a rage kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Ba a yi masa tozo. Wanda ya cika gishiri yana ganin zai fi ƙarfi, hancinsa ne zai bushe ya yi ta raɗaɗi. Idan akwai sodar burodi, wadda ake kira bekin soda, ana iya ƙara ɗan abin da yatsu uku suka tsinta, tana rage zafin. A kula, ba bakin hodar da ake sa wa cincin da kek ba ce, kuma kanwa ba ta maye gurbinta. Kada a sa tafarnuwa, ko man zafi, ko lemon tsami, ko garin habbatus sauda, ko wani jiƙo. Mun san darajar wasu daga cikin waɗannan, amma cikin hanci ba wurinsu ba ne. Gishirin ledar da muke saye yana da sinadarin aidin, wasu yakan ɗan yi musu yaji. Wanda ya ji haka, ko wanda ba ya son wahalar awo, ya sayi robar ruwan gishiri ta ƙarin ruwa a kemis mai rajista, wadda aka rubuta 0.9 a jikinta. Wannan an riga an auna an kuma tsabtace shi.

Abin turawa kuwa, sirinji babba mai 20 ya isa, sabo, a cire allurar a jefar da ita inda yaro ba zai ɗauka ba. Akwai kuma robar matsawa da ake sayarwa don wannan aiki. Buta dai kun san inda take shiga, a bar ta a can. Mutum ya sunkuya a kan baho ko magudana, ya karkata kansa gefe, ya buɗe baki ya riƙa numfashi ta baki. Ya sa bakin sirinjin a ƙofar hancin da take sama, ya matsa a hankali. Ruwan zai zagaya ya fito ta ɗaya ƙofar, wani kuma ya sauko baki, sai a tofar. A maimaita sau huɗu ko biyar, a juya ɗaya gefen, sannan a fyace a hankali ba da ƙarfi ba, don kada ruwan ya tafi kunne. Rana ta farko za ka ji wani iri, har ka ce ba za ka sake ba. Zuwa kwana na uku ka saba.

Sau ɗaya ko biyu a rana ya wadatar. Ga ɗan kasuwa lokacin da ya fi amfani shi ne da ya dawo gida da yamma, ya wanke ƙurar wuni kafin ya kwanta da ita. A bar kamar awa ɗaya kafin barci, saboda sauran ruwa yakan ci gaba da ɗiga. Wanda likita ya rubuta masa maganin feshi, ya fara wankewa, ya ɗan jira, sannan ya fesa, domin maganin ya sauka a kan fata ba a kan majina ba. Ruwan da aka haɗa kada ya wuce kwana ɗaya, a zubar a sake sabo. Sirinjin a wanke da sabulu, a ɗauraye da tafasasshen ruwa, a ware shi ya bushe. Kowa da nasa, kamar asuwaki. Mun san a ɗakunan samari komai na kowa ne, daga silifa har reza, amma wannan ban da shi.

Game da azumi mun tambayi malam liman. Ya tunatar da mu cewa a wajen malamanmu na Malikiyya abin da ya shiga ta hanci ya isa maƙogwaro yana ɓata azumi, kuma a wannan wanki da wuya ruwa bai kai maƙogwaro ba. Don haka mai azumin Litinin da Alhamis, ko idan Allah ya kai mu Ramadan, ya yi bayan buɗa baki ko kafin ketowar alfijir.

Akwai waɗanda bai kamata su yi ba sai sun ga likita: mai ciwon kunne ko kunnen da yake zubar da ruwa, mai yawan haɓo, wanda aka yi wa aiki a hanci ko kunne kwanan nan, da wanda hancinsa ya toshe gaba ɗaya iska ba ta wucewa ko kaɗan. Jarirai kuma ba a tura musu ruwa da sirinji. Iyaye mata a kiyaye, jariri yana iya shaƙewa. Nasu ɗigo ɗaya ko biyu ne na ruwan gishirin kemis da aka yi don yara. Yaron da ya yi wayo, yana iya sunkuyawa ya fyace da kansa, shi ne za a koya wa, babba yana tsaye.

Sannan ba kowace toshewar hanci ce alaji ba. Idan gefe ɗaya ne kawai yake toshewa kullum, ko majina tana zuwa da jini, ko fuska tana ciwo da zazzaɓi, a je asibiti. Yaron da ƙofar hancinsa ɗaya take fitar da majina mai wari, sau da yawa ƙwayar wake ce ko dutsen ado ya cusa, kada a yi ta tsokala da tsinke. Wanda ƙirjinsa yake fito da dare ko numfashinsa yake sarƙewa, a duba shi ko asma ce, don ita da alajin hanci 'yan gida ɗaya ne. Tarin da ya wuce sati biyu a yi gwajin tarin fuka. Wanda kuma ya kamu da matsanancin ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ba a kwana da shi a gida, kuma a gaya wa likita idan ruwa ya shiga hancinsa a kwanakin. Akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a LASUTH da ke Ikeja da LUTH da ke Idi-Araba, dukansu mota ɗaya ko biyu ce daga nan. Wanda Turanci ko Yarbanci yake ba shi wahala ya yi wa ofishin sakatare magana, za mu nemi wanda zai raka shi.

Wanki kaɗai ba zai isa ba idan mutum ya koma ya kwanta a kan abin da yake tayar masa da ciwon. A fitar da katifa da matashi rana duk lokacin da Ikko ta yi mana arzikin rana, a wanke zanen gado da ruwan zafi, a yayyafa ruwa kafin shara, mai kwance dila ko zazzage buhu ya sa takunkumi. Mu ma mun duba namu gidan. Kafet ɗin masallacin nan, da muke ɗora goshi da hanci a kansa sau biyar a rana, an daɗe ba a ɗaga shi ba, kuma wanda ya taɓa ɗaga gefensa ya ga abin da yake ƙasa. Kwamiti ya tsayar da gobe Asabar bayan sallar asuba za a naɗe shi a fitar a kakkaɓe a shanya, a kuma sauke ruwan tankin alwala a wanke cikinsa a gyara murfin. Muna neman matasa goma sha biyu, da wanda zai ba da aron tsani da burushi. Masu atishawa an ɗauke muku aikin kafet, ku zo wajen tanki. Sallar azahar ta goben a kan tabarmi za a yi, kowa ya zo da haƙurinsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na nan da na gida. Wassalamu alaikum.

Ofishin Sakataren Masallaci